Ranar da Rota Tas Saki a Hanyar Goronyo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda yab ba mu aro kuma yak karɓi abinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama.

Ranka shi daɗe wakilin Hakimi. Allah shi gafarta Malam Liman da sauran malamai. Sarkin Ruwa da masunta. Shugabannin manoman albasa na Wurno, Rabah da Goronyo. Hajiya Asabe, mai ɗakin marigayi. Yazid da Surayya da ƙannenku. Jama'ar Lahodu maza da mata, assalamu alaikum.

Sunana Abdulƙadiri, abokin Alhaji Mu'azu tun muna samari. An ce in yi magana a madadinmu duka. In kun ji na ba ku dariya wurin zaman makoki, ku gafarce ni. Mutumin ne bai bar muna labarin da ake faɗi da ɗaurarriyar fuska ba.

Ya kasance malamin gona, tun zamanin da malamin gona ke shiga gona. Ya kasance mutum wanda in yag ga albasarka ta kwanta, sai ya tsaya ya tambaye ka mi kay yi mata, sai ka ce ɗiyarsa kad doka. Shi yak koya ma yawancinmu ajiyar albasa ta kai damina ba ta ruɓe ba. Shekarar da ruwa yaj ja baya, shi yaz zauna tsakanin masu injin ban-ruwa da masunta har kowa yas samu rabonsa, babu wanda yaɗ ɗaga sanda.

Ya kasance kuma mai babur. Nan ne, jama'a, haƙurinmu yas sha gwaji.

Babur ɗin ya girmi duk ɗiyansa, shina ce mashi Dattijo. Ciwon Dattijo guda ne. Cikin injinsa akwai wata 'yar aba mai juyawa a kan sandar ƙarfe, ita ke raba wuta zuwa filogi. Makanikai na ce mata rota. Tsufa ya cinye gindinta, tay yi lako-lako. In ta saki, wuta sai ta zo ba kan lokaci ba: babur shi yi tari, shi yi atishawa, shi yi harbi kamar bindigar toka, sannan shi yi shiru. Sabuwa kuwa babu. An neme ta har Sakkwato, masu kayan gyara sunka ce kakanninsu sunka sayar da ta ƙarshe. Babu garin da bai tura Dattijo ba. Mutanen Kagara in sun jiyo ƙararsa daga nesa, sai su fara naɗe hannun riga.

Yazid ya taɓa kawo mashi sabon babur. Alhaji yaz zagaye shi, yas shafa, yac ce, "Allah shi yi maka albarka. Ni ma in na tsuhwa, sabon uba za ka sawo?" Anka mayar da babur.

Wata rana da rani muna fadamar Rimawa, rana ta take, sai munka ji kururuwa. Uwaisu masunci, ga shi can zaune kusa da Sarkin Ruwa, ya taka kububuwa cikin ciyawa, tas sare shi ga ƙafa. Babu mota, babu wani abin hawa sai Dattijo. Kun dai ga girman Uwaisu. Munka sa shi tsakiya, Alhaji gaba, ni baya ina rungume da shi, rabin jikina na lilo cikin iska, munka nufi asibiti a Goronyo.

Mun bar gari, ba mu kai ko'ina ba, Dattijo yay yi tari, yay yi harbi, yam mutu.

 Ƙafar Uwaisu ta kumbura, dasashinsa ya fara jini. Uwaisu yaz zauna gindin wata aduwa yaf fara wasiyya. Yac ce, "Baba Alhaji, kwanana ya ƙare. Komata ta kamun kifi a ba Isa ƙanena. Jirgi kuma..."

Alhaji bai ko waiwaya ba, ya riga ya kwance murfin inji. Yat tuɓe hularsa, yaz zuba kusoshin ciki, yam miƙa ma Uwaisu. "Riƙe man wanga. In za ka mutu ka hwaɗa man tukuna, kada su zube cikin rairayi."

Yaz zare rota, yad duba, yac ce sai an samu ɗan siririn gwangwani a naɗa ma sandar, rota ta zauna daram. Nil lalube aljihuna, goro kaɗai. Alhaji yad dubi Uwaisu.

"Kawo gwangwanin tabarka."

"Wace taba, Baba Alhaji? Ai na bari. Na rantse ma Habi matata."

"Uwaisu, mutum na bakin kabari shina ƙarya?"

 Can Uwaisu yas sa hannu cikin kubakar wandonsa, yaf fiddo gwangwani, cike da taba gari. Habi, ina ganinki can cikin mata. Ki yi haƙuri, wagga tabar ita tab bar maki miji. Da Alhaji yaj juye ta ƙasa, Uwaisu yay yi nishin da bai yi ba lokacin da maciji yas sare shi.

Da wuƙar yankan albasa Alhaji yay yanki gwangwanin, yan naɗa ma sandar, yad danna rota, yar rufe, yab buga. Dattijo yay yi wata irin fashewa, jakin wani mai wucewa yaz zubar da kayansa yak kama daji. Ashe ya sa rota a juye.

Sai lokacin nil lura zufa na ɗiga daga gemun Alhaji. Duk ba'ar nan don kada Uwaisu shi karaya ce. Shi ma tsoro ya cika shi. Nic ce, "Mu'azu, ko in ruga neman mota?"

Yac ce a hankali, "Ina mota nan, Abdu? Riƙe man murhi."

Yas sake buɗewa, yad daidaita haƙorin rota da tsagar sandar, yaɗ ɗaure, yay yi bisimilla, yab buga. Dattijo yat tashi, bai sake tari ba har ƙofar asibiti. Anka yi ma Uwaisu allura. Likita yac ce da mun ƙara jinkiri, da wani labari ake. Yau Uwaisu na da jikoki, komarsa kuma na hannunsa. Isa har gobe shina jira.

Ya kasance haka Alhaji yake. In abu ya ɓaci, shi riƙe tsoron cikin cikinsa, shi ba ka dariya ka riƙe.

Hajiya Asabe, kin wanke baƙin mai daga rigunan wanga bawan Allah tun kina amarya, ba mu taɓa jin kin kai ƙara ba. Allah shi saka maki. Yazid, Surayya, mahaifinku bai bar maku gidan sama ba, amma daga Wurno har Goronyo babu ƙofar da za ku ambaci sunansa a bar ku tsaye. Ku riƙe juna, ku riƙe uwarku.

Shekaranjiya Hajiya tak kira ni, tac ce iyali sun yi shawara, Dattijo nawa ne. Anka turo man shi har zaure. Na gode. Sai dai akwai abin da ba ku sani ba: ban iya tuƙi ba. Duk shekarun nan shi ke gaba, ni ke baya, na san ƙeyarsa fiye da wanzaminsa. Ya sha ce man, "Abdu, zo ka koya." Ni kuwa in ce, "Don mi? Kai ina za ka?"

Muna godiya ga duk wanda yab bar gonarsa ko jirginsa yaz zo. Allah shi mayar da kowa gida lafiya. Allah shi jiƙan Alhaji Mu'azu, shi yafe kurakuransa, shi yalwata kabarinsa, shi sa Aljanna ce makomarsa. Allah shi ba iyalinsa haƙuri, mu kuma in tamu ta zo, shi sa mu cika da imani. Malam Liman, a yi muna Fatiha.