Ba da Filaya Yesu Ya Cece Ni Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu, iyayena da yayyena da ƙannena. Ni ce Hannatu, 'yar marigayi Malam Audu kafinta. Na rubuta shaidar nan a takarda ne domin na san kaina, in na ce zan yi ta da ka, kuka zai ƙwace maganar. Ku yi haƙuri da ni, amma sai na kai ƙarshe.

Shekarar da na gama sakandare, na je ɗiban ruwa a tuƙa-tuƙan bayan makarantar firamare. Na sunkuya zan gyara bokiti, wadda ke bugawa ba ta gan ni ba, hannun famfon ya taso ya same ni a baki. Haƙorina na gaba, na sama, a cikin bokitin na tsince shi.

Ranar kasuwa aka kai ni Gwaram wurin wani mai sa haƙori da ke shimfiɗa kayansa a rumfa. Ya ce tun da babu tushen da zai ɗora sabo a kai, sai ya rataya shi a jikin biyun da ke gefe. Ya ɗauko magagari ya goge mini lafiyayyun haƙora biyu har suka zama kamar tsinke, ba allura ba komai. Sannan ya ɗauko haƙora uku a haɗe ya shafa gam ya danna. Da ya miƙo mini madubi sai na ga bakina yana walƙiya. Na ƙarfe ne, ruwan zinariya, irin wanda muke kira haƙorin Makka.

Na ce, "Malam, babu fari?"

Ya ce, "Fari ya ƙare, 'yammata. Wannan ma wasu nema suke yi ba su samu ba."

Haka na dawo gida. Ban zaɓe shi ba, ban san ma ana zaɓa ba. Ina so a ji wannan da kyau, domin a kansa aka yi ta magana a bayana.

Daga baya na samu aiki a Birnin Kudu, a shagon atamfa na Hajiya Uwani. Ranar farko da na yi dariya a gabanta ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah. Ni da na hau jirgi har Makka, guda ɗaya na samo, ke da ba ki wuce Gwaram ba kin samo uku." Tun daga nan 'yan kasuwa suka laƙa mini Hajiya Ƙarama. Wasa ne, ni ma dariya nake yi.

A nan gida ne abin bai zama wasa ba. In na zo hutu na shigo sujada, sai in ga idanu a bakina. An ce na fara sauya hanya. An ce wani Alhaji ne ya sa mini, alama ce. Wata da muke waƙa tare ta tambaye ni a bakin ƙofar nan ko har yanzu Hannatu ake ce mini. Na daina buɗe baki a waƙa, daga baya na daina zama a layin mawaƙa gaba ɗaya.

Sai haƙorin ya fara ba ni wahala. Da farko ruwan sanyi ne ba na iya sha. Daga nan abinci ya riƙa shigewa ƙarƙashi, asuwaki ba ya kai wa wurin. Wari ya biyo baya. Ina tauna kanumfari tun safe har yamma, ina yi wa masu sayen atamfa magana da gefen baki. In na taɓa shi da harshe sai in ji yana motsi ta ɓangare ɗaya. Dasashina ya yi baƙi, wani ƙurji ya fito a sama, ya fashe ya koma, ya sake fitowa. Ban faɗa wa kowa ba. Tsoro nake ji a sake ɗauko mini magagari.

Hajiya Uwani ta gane. Ta ce, "Hannatu, kanumfarin nan ba don daɗi kike ci ba. Mu je asibiti." Na ce zan je. Ban je ba.

Da damina na zo gida taya Inna aiki. Na wayi gari leɓena na sama ya kumbura ya taɓa hanci, gefen fuskata ya tashi har ƙasan ido, ga zazzaɓi. Gwaggo Saratu, yayar mahaifina, wadda kun sani ita ke jagorantar matan addu'a, ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Na daɗe ina faɗa. Abin da ba namu ba ne ba zai zauna lafiya a jikin 'yar Allah ba. Yau za a fitar da shi."

Gwaggo, ga ki nan zaune. Ba na tsaya a nan don in ci mutuncinki ba. Ke kika goya ni lokacin da Inna ke jinya, kuma na san tsoro ne ya kama ki kamar yadda ya kama ni. Amma zan faɗi abin da ya faru yadda ya faru.

Bayan azahar aka kai ni gidanta aka zaunar da ni a tabarma a tsakar gida. Mata suka kewaye ni suna waƙa. Akwai wani baƙo mai addu'a da ya sauka a ƙauyen a lokacin, ba ɗan ikilisiyar nan ba ne, ya riga ya tafi. Ya ɗora hannu a kaina ya ce an nuna masa ƙulli a cikin ƙarfen, kuma muddin yana bakina ba ni da lafiya, ba ni da ceto. Ya ce a kawo filaya. Aka aiko da ita daga wurin mai gyaran babur, aka tsoma ta a ruwan zafi a cikin kwano, aka ajiye a gabana.

Na ce, "Gwaggo, a kai ni asibiti."

Ta ce, "Asibiti ya fi Yesu ne?"

Mata biyu suka riƙe kafaɗuna. Na rufe ido. Ban taɓa yin addu'a irin ta ranar ba, domin babu gaisuwa a cikinta, babu tsari. Na ce, "Yesu, ka san yadda ƙarfen nan ya shiga bakina, kana wurin. Idan kai ne ka aiko filayar nan, ka kwantar mini da zuciya in buɗe baki. Idan ba kai ba ne, ka ba ni ƙafa."

Zuciyata ba ta kwanta ba. Ƙafa na samu.

Ban san yadda na zame daga hannunsu ba. Na ji kwanon ya kife, na ji ana kiran sunana. Ba takalmi na bi ta cikin gero na ɓulla titin Basirka. Wata bas ta tsaya. Direban ya dubi fuskata ya dubi ƙafata, ya ce wa wani fasinja, "Malam, matsa mata gefen taga." Har muka isa Birnin Kudu bai tambaye ni komai ba sai inda zan sauka.

Hajiya Uwani tana ganina ta tashi ta ja ƙofar shago. Ta ce, "Wa ya yi miki haka?" Na ce babu kowa. Ta ce, "To babu kowan ya bar ki ba takalmi." Ta ciro silifas ɗinta na salla ta ba ni, muka tari mai babur zuwa babban asibiti.

A ɗakin haƙori wani likita ya duba ni, ya yi mini allura ya ɗan tsaga wurin, mugunya ta fita. Ya ba ni magani ya ce sai kumburin ya sauka. Ya ce shi ba zai taɓa ƙarfen ba, akwai ƙwararriya da aikinta ke nan, gyaran haƙoran da aka sa suka lalace, ita za ta gan ni. Na zauna gidan Hajiya har ranar ganin ƙwararriyar ta zo.

Da na ga kujerar da fitila a samanta da ƙarafa a jere a faranti, sai na ja da baya. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta dube ni ta ture farantin gefe. Ta ce, "Yau kallo kawai zan yi. In zan taɓa, zan faɗa miki tukuna. In kin ɗaga hannu, na tsaya."

Tun da aka fara taɓa mini baki, ba wanda ya taɓa ce mini ina iya cewa a tsaya.

Ta sa aka ɗauki hoton haƙoran. Ta ƙwanƙwasa kowanne a hankali tana tambayata inda ya fi zafi, ta zagaya bakin ƙarfen da wani siririn tsinke. Sannan ta juyo da hoton ta nuna mini. Ta ce abin da aka sa mini su gada suke ce masa, haƙorin tsakiya ba shi da tushe, na gefe biyu ne ke ɗauke da shi. Tun ranar farko bakinsa bai rufe ba, akwai kafa tsakaninsa da dasashi, ta nan abinci ke shiga yana ruɓar da haƙoran daga ciki. Ta nuna mini wani baƙin tabo a saman tushen na hagu, ta ce nan mugunyar take taruwa, kuma tushen ya tsage, ba zai gyaru ba. Na dama ya ci, amma yana da sauran ƙarfi.

Na yi ta maza na ce, "Likita, don na zinariya ne?"

Ta ce, "Ko fari ne tas, in aka sa shi haka, haka zai yi. Launi ba ya ruɓar da haƙori."

Hajiya daga bakin ƙofa ta ce, "Ga nawa nan, da shi nake cin rake."

Na ba likitar labarin filaya. Ta ce da an finciko shi, na daman da take son ceto da ya karye a cikin dasashi, kuma da kumburi irin wanda na zo da shi, ba ta son ta faɗi inda ciwon zai iya kaiwa. Ba ta zagi kowa ba. Ta ce, "Ba cire shi za mu yi ba. Yanka shi za mu yi."

Haka aka yi da na koma. Ta kashe wurin da allura, ta yanka ƙarfen da ɗan injinta gunduwa-gunduwa, ta ɗaga kowane yanki a hankali. Na ɗaga hannu ya fi a ƙirga, kuma duk lokacin ta tsaya. Warin da ya fito ni kaina na ji kunya, ita ko fuska ba ta sauya ba. Na hagu an cire shi. Na yi kuka a kansa, domin lafiyayye ne kafin a kai ni rumfar nan. Na dama ta wanke jijiyarsa ta cike, ta rufe shi da farin murfi na wucin gadi. Yana nan. Nawa ne, wanda Allah ya halitta mini, kuma ya rage kaɗan in rasa shi a tsakar gida ana waƙa.

'Yan'uwa, ban zo in ce kada a yi addu'a ba. Addu'a ce ta tashe ni daga tabarmar nan. Amma an ce mini in zaɓa tsakanin Yesu da asibiti, ni kuwa na tarar da shi a can yana jirana. Shi ya tsayar da bas. Shi ya sa Hajiya Uwani, matar da ake cewa za ta raba ni da bangaskiyata, ta rufe shagonta ta zauna a benci tana jirana, kuma ranar Lahadi ita ce ta ce, "Tashi ki tafi cocinku ki gode wa Allah, kin tsaya kina kallona." Wanda yake da wata fassara ya riƙe abarsa. Ni wannan na gani.

Ban warke daga tsoro ba. Har yanzu in na wuce wurin mai gyaran babur na ji ƙarar ƙarfe, sai in ƙara sauri. Aiki ma bai ƙare ba. Likita ta ce sai dasashi ya warke sosai kafin ta auna bakina, mu zauna mu duba wane iri za a sa, kuma ta ce wannan karon ni zan zaɓa bayan ta bayyana mini kowanne. Zan sake hawa kujerar nan, tsoro zai sake kama ni, kuma zan hau.

In akwai wanda ke zaune a nan da haƙorin da aka sa masa yana motsi, ko yana wari, ko dasashi na jini a gefensa, kada ka yi abin da na yi da kanumfari. Kada kuma ka bari a taɓa shi a gida, ko wane ne, ko da wane suna ya zo. Ka yi addu'a, ka tashi ka je a ɗauki hoto. Ubangiji ba ya tsayawa a ƙofar asibiti ya ce ka shiga kai kaɗai.

An ba ni shawara in bari sai an sa mini sababbi kafin in tsaya a gabanku, wai shaida ta fi kyau in an ga ƙarshenta, kuma budurwa ba ta tsayawa gaban jama'a da giɓi. Na ƙi. Yesu bai jira na yi kyau ba kafin ya cece ni, ni ma ba zan jira ba kafin in gode masa. Ga giɓin nan, na haƙora biyu. Duk mai son kallo ya kalla yanzu, a gabana.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Ubangiji Yesu wanda ya ji ni. Ku dogara gare shi. Kuma shugabar mawaƙa, ki bar mini wuri a layin gaba. Yau zan yi waƙa.