Ranar da Aka Cire wa Kekena Bel

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Ceto. Ku ce Amin da ƙarfi, ba dogon zance zan yi ba.

Sunana Rifkatu, tela ce ni a Sabon Gari. Duk wanda ya san ni ya san ban iya jira ba. Ko ruwa na ɗora a wuta, sai na yi ta buɗe tukunya ina yi masa faɗa.

Bara sankarar mama da nake jinya ta sauka a ƙashin cinyata. Likita ya nuna mini hoton, ya ce ƙashin ya zama kamar katakon da gara ta ci. Za su sa mini ƙarfe a ciki, amma kafin ranar ba ɗaukar kaya, ba tafiya sai da sanduna, ba taka keken ɗinki.

Na ce to. A raina kuwa na ce, wa zai ɗinka ankon Kirsimeti na Zumuntar Mata? Ga yadi jibge a shago!

Na koma na hau keke. Ina takawa, cinya na suka, ina cewa, "Shaiɗan, ƙarya kake!"

Wata safiya na zo, keke ba bel. Mama Ngozi, maƙwabciyata mai sayar da zare, tana zaune tana cin gyaɗa.

"Mama, ina bel ɗina?"

"Yana jakata. Je ki kira ɗan sanda."

"Bangaskiya fa gare ni!"

"Ƙashinki bai samu labari ba. Zauna, 'yata."

Na fashe da kukan haushi. Ko durƙusawa ba na iyawa, a kan benci na yi addu'a. Na ce, "Ubangiji, kullum roƙona ka tashe ni. Yau ka zaunar da ni, don ni kaina na kasa."

Nan take zuciyata ta kwanta. Mata suka sa tsohon ankonsu, babu wadda ta ɓata rai.

Bayan aiki likita ya ce ƙashin har ya fara tsagewa. Da na ci gaba, a kan keken nan zai ɓalle. Halleluya!

Ban ce sankara ta tafi ba. Ina zuwa gashi, ina karɓar allurar ƙarfafa ƙashi. Amma na gode wa Allah, ƙafata na nan.

'Yan'uwa, in likita ya miƙa muku sanda, ku riƙe, ba rashin bangaskiya ba ne. Ku dogara ga Yesu. Ni da ƙafata na shigo ɗakin sujadar nan yau. Amin!