Hayaƙin da ya fito ta ƙarƙashin niƙabina

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ina gaishe ku da sunan Allah mai ceton bawansa ko da bawan ne ya kai kansa. Malama ta ce in tashi in faɗa da bakina, to ga ni na tashi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Rabi mai tuwo, ta layin masu abinci a nan unguwar Tandabawi, cikin Makka. Hajji muka zo da mijina Malam Isuhu tun ina da ƙuruciya, muka zauna. Ba ni da igama, wato takardar zama, kamar yawancinmu. Malam kuwa ɓarin jikinsa ya shanye, ni nake juya shi, ni nake ba shi abinci a baki. Duk ranar da aka kama ni aka kai tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora gida, babu mai shiga ɗakin nan.

Da wannan nauyin a kaina na koyi shan feb, sigarin lantarkin nan. A gidan biki wata ta miƙo min, ta ce ƙamshin mangwaro ne kawai, yana sauke gajiya. Ya sauke kuwa! Kafin in ankara na sayi nawa, yana aljihun abayata tare da carbi. In na tashi da safe shi nake fara lalubowa kafin buta.

Kun san abin da ya hana ni jin tsoro? Waya. Duk sanda aka nuno masu shan feb, samari ne masu askin banza sun jingina da mota, ko 'yan mata masu dogon farce suna busa hayaƙi. Sai in yi tsaki in ce Allah ya shirye su. Nawa yana aljihu, ina yi musu addu'ar shiriya! A ganina ni ba na cikinsu, tunda na ajiye furfura kuma ba na fashin ta'alim.

Dabarata niƙabi ce. Sai in tura hannu ta ƙasa, in ja, in riƙe, in sake shi a hankali cikin abaya. Mai kallo zai ɗauka gumi nake sharewa.

A hajjin da ya wuce, rana tsaka, layi cike da alhazan gida, na ja ya yi yawa. Tari ya sarƙe ni, hayaƙi ya ɓalle ta gefen niƙabi, har ta wajen ido. Ashe wani alhaji yana ɗaukar layinmu a waya.

Ba a jima ba bidiyon ya dawo mana daga Najeriya. An sa masa kiɗa mai ban tsoro, an rubuta wai ga 'yan matan Takari masu shan ƙwaya suna sayar wa alhazai abinci. Wasu ma suka ce aljana ce. Ba a ganin fuska, sai baƙin niƙabi a bayan kuloli, yana hayaƙi kamar tukunyar da aka manta a wuta.

Alhazai suka janye. Motar baladiya, wato hukumar gari, ta fara wucewa ta gabanmu a hankali, ta je ta dawo, ba ta tsayawa. Kowacce a cikinmu ta san in baladiya ta fara haka, 'yan jawazat masu kama marasa takarda na nan tafe. Mata suka ce sai an nemo wadda ta jawo mana.

'Yan'uwa, ko mutum ɗaya bai kalle ni ba.

Duk ido ya koma kan Suwaiba mai zoɓo, wadda take zama a gefena. Yarinya ce, bazawara, haihuwar nan, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta, ga farce ga waya. Ita ma ba ta da takarda. Ta yi rantsuwa har muryarta ta dishe, aka ce dama irinsu sun iya rantsuwa. Hajiya Kande, shugabar layinmu, ta zo tana tambayata ko na taɓa jin ƙamshin abin a jikin yarinyar. Na ce ban lura ba. Astagfirullah! Yana cikin aljihuna a lokacin, da ɗuminsa.

Daga nan aka yanke cewa bayan Juma'a za a samu wanda zai kai wa 'yan jawazat sunanta da kwatancen gidansu, don a ƙyale sauran. Suwaiba ta matso kusa da ni tana tattara robobinta, ta kira ni Hala, wato inna da Larabci, ta ce, “Hala, wallahi ban san kowa a Najeriya ba. In suka kai ni, a ina zan sauka?”

Na miƙe na bar ta nan. Na zaga bayan gini na ja, na sake ja, ƙirjina ya ɗaure kamar an taka shi, tsoron bai tafi ba.

Ranar Alhamis da azahar na tafi Harami a ƙafa cikin zafin nan. Na yi sujada, duk addu'o'in da na haddace suka gudu. Da Hausa na yi kuka na ce, ya Allah, in na yi magana wa zai juya Malam? In na yi shiru, da wane ido zan tsaya a gabanka? Ban ji wata murya ba, kar in yi muku ƙarya. Amma na ɗago na ji ƙirjina ya saki, ƙafafuna kuma suka kama hanyar layi.

Na tsaya a gabansu na ce ni ce a bidiyon. Kun san me suka yi? Dariya! Hajiya Kande ta ce, “Haba Hajiya Rabi, mun san ki da tausayi, amma kar ki ɗauki kayan da ba naki ba. Masu wannan abin da gani ake gane su.”

Na fito da shi na nuna musu. Suka ce a wajen yarinyar na karɓo.

Sai na zauna a bayan kulolina. Na tura hannu ƙarƙashin niƙabi, na ja iya ƙarfina, na sake shi gaba ɗaya. Hayaƙi ya fito ta gefe da gefe, ƙamshin mangwaro ya cika wurin. Nan take suka gane ni ce. Wannan shi ne ja na ƙarshe da na yi a duniya, na jefa shi cikin bokitin wanke-wanke.

Na sha wuya bayan nan. Ciwon kai, faɗa ba dalili, hannuna yana zuwa aljihu da kansa. Duk sanda ya je sai ya tarar da carbi, in ja shi ina kuka. A haka Allah ya zare min abin daga rai. Alhamdu lillahi!

Ba zan ce muku komai ya wuce ba. Ba a kai sunan kowa ba, amma na bar layi, a gida nake tuƙa tuwo, masu saye kaɗan ne. Bidiyon yana nan yana yawo. Yanzu kowa ya san ni ce a cikinsa, in kuma an sake neman suna, nawa ne a kusa. Duk motar da ta tsaya a ƙofarmu sai na bar muciya na saurara.

Suwaiba ta daɗe ba ta gaishe ni ba, kuma ba ta yi laifi ba. Sai ran nan na ji sallamarta. Ta shigo ta tsaya a kan Malam tana kallonsa, ta ce, “Hala, nuna min yadda ake juya shi. Ki ba ni mukulli ɗaya kuma. In wata rana ba ki dawo ba, ni zan shigo.”

Na nuna mata. Hannunta ya fi nawa ƙarfi.

Ku taya ni gode wa Allah, 'yan'uwana. In akwai mai ɓoye wani abu a ƙarƙashin niƙabinta, ta kai shi gaban Ubangijinta tun kafin a ɗora shi a kan 'yar wani. Ku dogara gare shi. Na tambaye shi wa zai juya Malam, ya aiko min da yarinyar da na kusa bari a kama.