Zaren da Ya Haɗa Ƙarshen Duniya Biyu

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban kwamitin wannan ɗakin karatu, wanda ya ba ni minti biyar kuma ya fara duba agogo tun ban miƙe ba. Malama mai kula da littattafai, wadda muryarta ce idanuna. Tsohon Hedimasta, da ke kujerar gaba kamar kullum. 'Yan kwamiti, masu tabarau da marasa shi. Abokan zamana na bencin baya. Maza da mata, ina gaishe ku da kyau.

Ina godiya da aka miƙo mini wannan abin magana. Shekara goma sha ɗaya ina shiga ɗakin nan, ba a taɓa ba ni shi ba sai yau da za a yanke mini hukunci. Amma wallahi daɗi nake ji. Ashe haka muryata take a lasifika? Da na sani da tuni na ƙwace shi.

Wanda bai san ni ba, ni ne mai gyaran takalman bakin ƙofa. Ban yi makaranta ba, ko ta wuni ɗaya. Amma duk littafin da ya yage a nan, ni nake ɗinke shi da basilla da zaren takalmi, kuma duk Laraba da yamma ina ɗakin baya, ƙarƙashin fankar nan mai kuka, Malama tana karanta mana. Yau kwamiti na so a kwashe kantar littattafan ƙarshen duniya a bai wa masu ƙunshe kaya, a sa kwamfuta a gurbinsu, ni kuma a hana ni taɓa littafi. Wai sun tsufa, wai suna tsorata jama'a, wai kuma na lalata biyu daga ciki.

Na farko, batun tsoro. Jama'a, ni ban taɓa jin labarin da ya faranta mini rai kamar waɗannan ba. A cikinsu, ranar da duniya ta kife, ba wanda ke tambayar takardar shaidarka. Tambayar ɗaya ce: me hannunka ya iya? Ku ɗauki mai jan zare, don ni da launin zarena nake sanin su. Ruwa ya cinye ƙasa, mutane arba'in sun maƙale a saman wani dogon bene, cikinsu har da farfesa uku. Wa ya cece su? Wata tsohuwa mai facin tamfol, ita ta ɗinka musu jirgin ruwa, farfesoshin suna riƙe mata zare. Ranar da aka karanta wurin nan sai da na tashi na zaga benci sau biyu. Wanda bai karanta shi ba ya karanta, wanda ya karanta ya sake.

Sai kuma mai baƙin zare, wanda na fi so a duniyar nan da ba ta riga ta ƙare ba. Hukuma ta ƙayyade wa kowa yawan takun da zai yi a rana, don kada mutane su ziyarci juna su haɗa baki. Jami'ai suna bi gida-gida suna juya takalma, wanda ƙasan nasa ya cinye fiye da ƙima an gama da shi. Sai ga wani mai gyaran takalma yana sake wa mutane ƙasan takalmi a ɓoye. Ɗan'uwana a sana'a ke nan. Ina da ƙorafi ɗaya a kan marubucin: bai taɓa riƙe basilla ba, don ya ce an manna ƙasan takalmi an taka nan take, alhali ko sabon shiga ya san sai gam ya sha iska. Na yafe masa. Shi ma littafin nan a karanta shi.

Akwai kuma mai tabon shayi, inda rana ta daina faɗuwa mutane suka koma zama a rijiyoyi. Shi ma yana da daɗi, sai dai tabon ba ni na yi ba, kuma wanda ya yi yana cikin kwamiti.

Yanzu ga laifina, kuma ba zan ɓoye ba. Bara rufi ya yi yoyo, rufin da na yi shekara uku ina cewa a gyara ana ce mini in tsaya a kan takalmi. Mai jan zare da mai baƙin zare suka jiƙe, suka warware, aka kawo mini su a kwali ɗaya. Tsayinsu ɗaya, takardarsu iri ɗaya. Na shanya, na jera, na ɗinke ɗinkin da ko jikokinku ba za su tsinka ba. Ashe na ɗinka ƙarshen wannan a jikin wancan.

Muka zo Laraba, ana karanta mana mai baƙin zare. An kama ɗan'uwana mai gyaran takalma, an ɗaure shi, ana jan sa zuwa filin hukunci. Malama ta juya shafi, sai ga jirgin ruwa ya taɓa tudu, kowa yana sauka yana kuka. Mai wanki, abokin zamana a benci, ya ce, "Malama, a garin nan akwai kogi ne?" Sai Hedimasta ya gyara tabarau ya ce, "Ku ba za ku gane ba. Jirgin nan alama ce, marubucin yana da zurfi." Sati uku yana mana bayanin zurfin nan, har da allo. Hedimasta, kada ka sunkuyar da kai, bayanin ya yi daɗi, ni ma na tafa. Asiri bai tonu ba sai da muka kai ƙarshen mai jan zare, muka ji ana tuhumar wani da cinyewar takalmi, a littafin da aka yi shafi ɗari biyu ba wanda ya taka ƙasa.

Tun ranar aka kulle littattafan biyu a ofis, ni kuma aka koma gaishe ni daga nesa. Na koma gida na ce wa mai ɗakina, wadda tela ce, ta koya mini lamba. Ta ce, "Tsoho, yanzu da furfurarka?" Na ce e, da furfurar tawa. Da tef ɗin awonta ta koya mini, muka kai ɗari da hamsin tef ya ƙare, sauran na gano da kaina, ashe maimaici ne kawai ake ta yi wa mutane fankama da shi. Shekaranjiya na roƙi Malama ta ara mini littattafan, na farke, na bi lamba ɗaya bayan ɗaya, na mayar da kowane ƙarshe gidansu.

Shugaba, na ga agogon, ka bar shi ya huta.

Ga mai baƙin zare a hannuna. Jama'a, ni na jera shafukan nan, ni na huda su, ni na ɗinke su, kuma har yanzu ban san ko an kashe mutumin nan ko ya tsira ba. Shekara guda ke nan yana tsaye a ɗaure a bakin filin hukunci, ni ma ina tsaye tare da shi. 'Yata ta ce in kawo ta karanta mini a gida, na ƙi. A bencin nan aka kama shi, a bencin nan zan ji ƙarshensa, tare da waɗanda muka fara. In kun ba masu ƙunshe kaya, wani zai tafi gida da ƙarshen ɗan'uwana naɗe da sabulu. Ku sa kwamfutarku, ga wuri can kusa da taga, amma ku bar mana kantarmu, ku bar mini basillata.

Wa nake gani ya miƙe? Hedimasta da kansa, yana miƙo hannu. To, bismilla, karɓi. Ka riƙe shi da kyau, ɗinkin sabo ne. Shafi na ɗari biyu da goma sha ɗaya, na duba da idona. Karantawa kawai za ka yi, ban da allo.

Allah Ya sa wa wannan taro albarka, Ya ba kwamiti ikon ɗaga hannu inda ya dace, Ya ƙara wa Malama lafiyar murya, Ya kawo mai gyara mana rufi. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya jinkirta ƙarshen duniya ko da zuwa bayan shafin nan ne.

Na gode.