Katakon Wuyan Jita

A shagon gyaran kayan kiɗa a Katmandu, Sujan na rungume da jitarsa mai kaurin murya, yana yi wa dattijon gefensa bayani.

"Baba, sirrin a katakon wuya yake. Fari ya fi zaƙi, baƙi ya fi amo da daɗin riƙo. Gobe wata ƙungiyar makaɗa za ta gwada ni, dole in sauya."

"Ɗana, akwai katakon da ba ya magana sam? Sabon maƙwabcina zan saya wa. Ban taɓa ganinsa ba, amma kullum kamar ɓauna ke naƙuda a saman ɗakina."

Sujan ya ƙyalƙyale da dariya. "A wace unguwa?"

"Baneshwor, koren benen nan."

Dariyar ta maƙale.

"Baba," in ji Sujan a hankali, "na rantse laifin katakon ne."