Tsakuwar Lissafi Ta Hana Ɗiyata Zuwa Makaranta

Assalamu alaikum Malam mai karanta mana wasiƙu. Ina gaishe ka, ina kuma gaida ƙawata Hajara a Birchi.

Ni matar aure ce a Kurfi. Ɗiyata ta fari tana aji biyu a elementare, kuma bana an kawo musu sabon lissafi. Maimakon haddar da muka sani, malaminsu ya ce iyaye su tara wa yara tsakuwa su riƙa kasawa a gida.

Ranar Talata da la'asar ina karanta littafina, hankalina ya tafi wurin wata gimbiya ta cikin labarin. Ita kuwa yarinya ta share ƙasa, ta zana da'ira, tana jera tsakuwa a ciki. Sai ga surukina, mai makarantar allo a zaurenmu. Ya tsaya cak.

"Subhanallahi! Bugun ƙasa a gidana? Wa ya koya miki duba?"

Ta ce, "Malam, lissafi ne."

"Lissafin bokaye! Daga yau kin bar makarantar nan."

Kunyar suruki ta hana ni yi masa bayani. Maigida yana Dutsin-Ma cinikin hatsi, kuma ko ya dawo, bai taɓa musu da mahaifinsa ba.

Don Allah Malam, ka bayyana wa iyaye wannan lissafi. Surukin nawa ba ya fashin sauraren shirin nan a zaure. Abin da na kasa faɗa masa, kai ka faɗa masa. Ga yarinya can a ɗaki, ta ƙulle tsakuwarta a bakin zane, ta ƙi kwancewa.