Tawada a Jikin Tsohuwa

Rokuro: Alo? Yaya Tomoe? Ina kwana?

Tomoe: Lafiya lau, Rokuro. Ya sanyi? Ya matarka Fumie da ƙafar tata?

Rokuro: Da sauƙi. Ya ƙanƙarar wajenku, ta fara narkewa?

Tomoe: Ta fara, kogi har ya cika. Ya aikin gadin kogi? Kana dai kama masu laifi?

Rokuro: Me? Ba na jin ki, layin na yankewa.

Tomoe: Na ce kana kama masu laifi?

Rokuro: Ai bana shiru, kowa na bin doka.

Tomoe: Madalla. Jiya na sauko gari na ci taliya a shagon Masaji.

Rokuro: Ke? Mutumin da ko gaisuwa ba kwa yi tun mijinki Genzo na da rai?

Tomoe: Labari na ji, wai ya rataye sabon hoto a bango. Irin wanda ake shafa wa kifi tawada a danna masa takarda. Sai na ce bari in je in taya shi murna.

Rokuro: To... ai kowa na yi.

Tomoe: Da kifi mai rai ake yi?

Rokuro: A'a, amma...

Tomoe: Wutsiyar a tsage take, Rokuro. Ga tabo a leɓen hagu. Tawada ta fitar da komai. Tsohuwa ce.

Rokuro: Haba Yaya, kifin iwana masu tsagaggiyar wutsiya ai suna da yawa.

Tomoe: Ni za ka faɗa wa? Kifin da Genzo ke kamawa duk bazara a gurbin ƙarƙashin gada, ya jiƙa hannu kafin ya taɓa ta, ya zare ƙugiya, ya ce mata sai baɗi? Yana kwance a asibiti tambayarsa ɗaya, ko an ga Tsohuwa. Tun da ya rasu, bakin gurbin nake zuwa in zauna in ga ta juya a ruwa.

Rokuro: Masaji cewa ya yi a ƙasan madatsa ya kama ta, inda aka yarda a tafi da kifi.

Tomoe: Au, ka ma ji ta bakinsa ke nan?

Rokuro: A gari na ji... Alo? Layin nan...

Tomoe: Layin lafiyarsa ƙalau. Shekara da shekaru Masaji na jifa a gurbin nan ba ta taɓa kallon ƙugiyarsa ba. Sai da ya ga mai ita ya mutu. Ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba.

Rokuro: Ki bari in yi masa magana a ɓoye.

Tomoe: A ɓoye? Hoton yana hannuna. Na cire shi daga bango yana tsaye yana tace taliya. Ranar Lahadi ƙungiyar masunta za ta zauna, zan shimfiɗa shi a gaban dattawa. Su karɓe izininsa na kamun kifi, ya ƙare rayuwarsa yana kallon kogi ta taga.

Rokuro: Yaya, don girman iyayenmu, kar ki kai takardar nan.

Tomoe: Saboda me? Ga sunansa, ga kwanan wata. Ga kuma gefen da shaida ke buga hatiminsa.

Rokuro: Na sha giya a ranar. Ya miƙo min, na buga, ban duba wutsiyar ba sai daga baya.

Tomoe: Kun gasa ta?

Rokuro: Da gishiri... Yaya, za su karɓe min aikin. Ni ƙaninki ne. Ko Genzo da yana nan zai ce a sake mu.

Tomoe: Genzo ne mai kamawa ya saki. Ni ban taɓa koya ba. Ka gaida Fumie.

Rokuro: Yaya! Alo? Yaya Tomoe?